Tun a kaka ake faɗuwa BAC, a watan Yuli suna kawai ake kira

Maganar yau ba za ta yi wa wasu daɗi ba, amma gara a ji haushina yanzu da a zo ana share hawaye a watan Yuli.

Duk shekara abu guda ne. Ranar da aka kira sakamakon BAC, kaɗan ke guɗa, mafi yawa su koma gida kai a sunkuye. Washegari a fada da majalisa sai rabon laifi: malamai ba su gama darussa ba, tambayoyi sun yi tsauri, masu gyaran takardu ba su da imani, wani ma ya ce hannu aka sa wa yaron. In an gaji a ce ba rabo. Tambaya biyu ne ban taɓa ji ana yi ba. Yaron nan yaushe ya fara bita? A gidansu kuma awa nawa ake bar masa a yini?

A 2021 waɗanda suka ci BAC a faɗin Nijar ba su kai 25 cikin 100 ba. A 2022 da 2023 ma ba a kai 30 ba. Kuma waɗannan ba daƙiƙai ba ne, yara ne da suka ci BEPC, suka yi shekara 13 a kan benci. Wahalar shekara 13 ke nan ake zubarwa saboda an kasa tsara wata 9.

Cutar da ke kashe mu sunanta "da sauran lokaci". Oktoba a ce ai yanzu aka koma lakwal. Disamba a ce sanyi. Fabrairu a ce bari azumi ya wuce. Sai Mayu ta kama sannan ka ga 'yan tarminal sun bazu gindin dogon yaro da kayye a hannu, suna kai da kawowa suna hadda. Da dare kuma ƙarƙashin fitilar sola, ga butar shayi, ga Nescafé, wasu har da ƙwaya don kada barci ya zo. Iyaye su wuce su ce ma sha Allah, yaro na ƙoƙari. Baba, wannan fafe gora ne ranar tafiya.

Mu yi lissafi, tunda da shi za a gwada su. Daga farkon Oktoba zuwa ƙarshen Yuni mako 39 ne. Cire 3 na salla, rashin lafiya da sauran uzuri, saura 36. Wanda ya yi awa 2 kacal a yini, kwana 6 a mako, ya tara awa 432. Wanda ya jira watan ƙarshe, ko ya yi awa 8 kullum ba hutu, 240 zai samu, cikin zafi da gyangyaɗi. Kuma ko da awoyin sun zo daidai, amfaninsu ba ɗaya ba ne. Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada ya nuna cewa abin da aka haddace a zama ɗaya yawancinsa yana zubewa cikin 'yan kwanaki, wanda ake komawa a kansa lokaci zuwa lokaci shi ke zama. Mu kuwa ba sai Bajamushe ya faɗa mana ba. Je ka tsangaya ka gani. Ba a wanke allo sai karatu ya zauna, in an wanke ma ba a bar shi ba, ana tilawarsa da asuba da dare. Wane alaramma ne ya haddace izu 60 a wata guda? Dabarar tana ƙofar gidanmu, ɗan lise ne kaɗai ya raina ta.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce malam, ka manta da yajin aiki? Ka manta 'yan kwantiragi kan yi watanni suna jiran kuɗinsu? Ka manta akwai azuzuwan zana da ba a kafa su sai an gama girbi an samu kara? Ban manta ba, kuma ba za mu daina faɗa wa hukuma ba a rediyo da nan. Amma ku ji ni da kyau: takardar da za a miƙa wa ɗan Sassumburum ita ce za a miƙa wa ɗan makarantar kuɗi a Yamai, rana ɗaya, awa ɗaya. Mai gyara ba ya ganin suna, balle ya tambayi kwana nawa aka yi ba malami. Wanda aka fi cuta a aji shi ya fi bukatar jadawali a gida. Ranar da aka ce yau ba karatu, ɗan tarminal mai hankali ya samu awa 4 kyauta. Wanda ya kai su teburin karta ko TikTok, kada ya zo yana zagin kowa a Yuli.

Masu cewa rabo ne kuma, gaskiya ne komai na Allah ne. To amma a garin nan wa ya taɓa shuka gero a ƙarshen Agusta, da bai samu ba ya ce ba rabo? Dariya za a yi masa. Ruwan farko na sauka kowa ke fita da sungumi, sannan a roƙi Allah albarka.

Kuma ba jadawalin da ake kwafowa a intanet nake nufi ba, irin na yaron Faransa mai ɗakinsa shi kaɗai da wuta dare da rana. Mu nan ƙauyuka da yawa ba su san wuta ba, ta birnin ma kowa ya tuna yadda Najeriya ta yanke ta a Agusta 2023, ba a maido ba sai Maris 2024. Namu jadawalin da rana za a ɗaure shi, da kuma yanayin shekara.

Kaka, Oktoba da Nuwamba: ana girbi, ana roron wake, ana cirar gyaɗa, lokaci ya yi ƙaranci. Aikin wannan zango shi ne toshe ramukan sakwand da firamiyar. Wanda bai iya lissafin baya ba, na tarminal ba zai shiga kansa ba. Duk darasin da aka yi yau, a sake duba shi yau, ko na minti 20.

Hunturu, Disamba zuwa Fabrairu: nan ne dukiyar take. Gona ta huta, gari ya yi sanyi, kai yana ɗauka. Darussa masu nauyi a nan ake cin su. Hutun ƙarshen Disamba ba na ɗan tarminal ba ne, kuma ba lokacin tsallakawa Kano ko Daura cirani ba ne.

Azumi: a 2025 ya kama a farkon Maris, kuma kowace shekara yana matsowa da kwana 10 ko 11. Ba ya zuwa ba zato, saboda haka a sa shi cikin lissafi tun yanzu. Bayan sahur da asuba kai yana garau, a yi mai wuya a nan, yamma a bar ta ga maimaici mai sauƙi.

Bazara, Maris zuwa Mayu: zafi na wuce 40, tsakar rana ba a neman komai wajen ƙwaƙwalwa. Lokacin tsofaffin tambayoyin BAC ne. Kowace Asabar a ɗauki guda, a aje agogo, a rufe kayye, a yi ta kamar ranar gaske. Mutum 3 ko 4 su haɗu su gyara wa juna. In sun wuce 5 ta zama fada.

Yuni: ba a buɗe sabon babi. Maimaici, barci isasshe, abinci.

A cikin yini kuwa, awa guda bayan sallar asuba, awa guda tsakanin la'asar da magariba tun da sauran haske. Da sanyin safiya ake kama fara. Yini ɗaya a mako a huta.

Sai maganar kowefisiyan, wadda da yawa ke wasa da ita. Ɗan seri D ya san lissafi, fizik-shimi da SVT su ne masu nauyi, ɗan seri A kuma faransanci da filo na cikin manyan nasa. Mu ɗauka darasi mai kowefisiyan 5 da wani mai 2. Ka ƙara maki 2 a na farko, ka samu 10. Kafin ka samu 10 a na biyu sai ka ƙara maki 5 cif. Amma me yara ke yi? Kowa na maƙale da darasin da yake so, yana gudun wanda ke ba shi tsoro. Ƙanena, wanda kake gudu shi za ka sa da asuba. Tsakanin mai 10 bisa 20 da ya wuce kai tsaye da mai 9 da za a ja zagaye na biyu, sau da yawa babi biyu ne da aka ce "wannan ba zai fito ba".

Yanzu iyayena, ku gafarce ni, gare ku na juyo. Jadawalin da aka manna a bango takarda ce kawai in gida bai sa hannu ba. Yarinya 'yar tarminal ta tashi ta yi shara, ta ɗebo ruwa, ta yi daka, ta dawo lakwal ta ɗora tukunya, ta yi wanke-wanke, sannan ƙarfe 10 na dare a ce ta je ta yi karatu. Da wane ido? In ta faɗi kuma a ce ai boko ba na mace ba ne, a kawo maganar aure. Inna, ba kanta ne ya gaza ba, lokacinta aka cinye. Namiji kuma ranar kasuwa shi ne a rumfa, shi ne kan babur, ruwa na sauka a Yuni shi ne a gona, saura mako 3 jarrabawa. Na san hannu ɗaya a gona ba ƙaramin abu ba ne ga talaka. Amma shukar shekara guda ƙanne da 'yan uwa na iya rufe ta, faɗuwa BAC kuwa shekara ce sukutum, da sabon kuɗin rajista, wani ma daga nan ya bar karatun ke nan.

Abin da ake roƙo bai fi ƙarfinku ba: awa 2 a yini da ba mai aiken yaron, fitilar sola ƙarama, da sassauci daga Mayu zuwa ranar jarrabawa. Wanda ɗansa ke zaune gidan wani a Magarya ko Damagaram, ya je da kansa ya roƙi maigidan wannan alfarma, kada a mai da yaron ɗan aike. Kuɗin da za a ba masu cewa suna da tambayoyin da suka fita a WhatsApp, a sayi fitilar da su. Yawancinsu 'yan damfara ne, wanda aka kama da satar amsa kuwa ya jawo wa kansa hukunci.

Kwamitin iyayen yara da COGES, ku nemi a bar aji ɗaya a buɗe da yamma. Yayyenmu da ke jami'ar André Salifou ta Damagaram da Abdou Moumouni ta Yamai, in kun zo hutun Disamba ku ba ƙannenku yini 3, kun fi kowa sanin inda ake zamewa.

Duk mai ɗan tarminal a gida, yau bayan isha ya kira shi ya ce: nuna mini jadawalinka. In babu, ku zauna ku rubuta tare, ko Baba bai yi lakwal ba ya san asuba, ya san la'asar, ya san ranar kasuwa. Ku tura wa wanda ya kamata ya ji, ku karanta wa wanda ba ya karatu. Allah ya ba yaranmu sa'a, ya sa wahalar iyaye kada ta tashi a banza.