Kullum muna kan yanar gizo, amma ba mu taɓa kallon gizon ba

Tsakaninka da Allah, hotuna nawa ne a wayarka yanzu? Buɗe ka duba. Selfi ne, da hoton biki, da farantin shinkafa, da sabon ɗinki daga Kantin Kwari. A cikinsu akwai ko guda ɗaya na halittar da ke zaune a bangon gidanku ba ta biyan haya?

Ina nufin ɗan ƙaramin gizo-gizon nan mai tsalle, toka-toka, wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ni ma da silifas nake gaishe shi a da. Wata safiya a soron gidanmu a Kwaciri, babu wuta, babu data, sai na kara masa kyamarar waya don kashe lokaci. Malam, sai ya juyo ya ƙura mini ido. Da na buɗa hoton na ga manyan idanu biyu suna sheƙi kamar fitilun mota, ga gashi a fuska kamar ɗan dattijo. Tun ranar na ajiye silifas.

Ra'ayina shi ne: matashin da ke da waya mai kyamara ya kamata ya koyi ɗaukar irin waɗannan ƙananan halittu daga kusa. Ga dalilaina.

Na farko, abin da muke murƙushewa ba abin rainawa ba ne. Masana suna kiran danginsa Salticidae, kuma su ne dangi mafi yawa a cikin gizo-gizai, nau'insu ya haura 6,000. Idanunsa takwas ne: biyun gaba na tantance abu, sauran na lura da motsi ta gefe da ta baya. Ba ya saƙa yana don tarko. Laɓaɓawa yake yi kamar kyanwa, ya auna, ya daka tsalle ya cafke ƙuda. Kafin ya yi tsallen sai ya manna zare a inda yake tsaye, ko da ya kuskure ba zai faɗo ƙasa ba. Ka ga dabarar Gizon tatsuniya ba a banza kakanni suka ba shi ita ba.

Akwai ma wani nau'i a yankin Tafkin Victoria, a Kenya da Uganda, mai suna Evarcha culicivora. Binciken Robert Jackson da Fiona Cross ya nuna ya fi son macen sauro wadda ta sha jini ta ƙoshi, musamman irin mai yaɗa zazzaɓin cizon sauro. Ban ce ka yar da gidan sauronka ba. Amma kafin ka feshe ɗaki da fiya-fiya, ka san cewa ba duk mai ƙafa takwas ne abokin gaba ba. Na bangonku ƙudaje da ƙananan ƙwari yake rage muku, kuma da wuya ya ciji mutum. Gudu ya fi sani.

Na biyu, hoto yana iya zama ilimi. A Ostireliya akwai wani masani, Jürgen Otto, wanda ya dage da ɗaukar hotuna da bidiyon wasu ƙananan gizo-gizai masu launi kamar ɗawisu. Hotunan suka zagaya duniya, kuma shi da abokin aikinsa David Hill sun raɗa wa gomman sababbin nau'o'i suna. A nan gida, a 2011 Wanda Wesołowska da Anthony Russell-Smith sun fitar da bincike kan gizo-gizai masu tsalle na kudancin Najeriya. To na Kwaciri da Rijiyar Lemo da Sabon Gari fa, wa zai ɗauke su idan ba mu ba? Akwai manhaja kyauta mai suna iNaturalist. Ka ɗora hoto da wurin da ka ɗauka, masu sani su taya ka gano sunan abin, bayanin kuma ya zauna don masu bincike.

Na san abin da za ka ce: "Ana fama da tsadar rayuwa, kai kana bin gizo-gizo a bango?" Gaskiya ne, hoton gizo ba ya sayen kwanon masara. Amma faɗan da muke kwana muna yi a Facebook da TikTok, shi nawa ya taɓa biyan mu? Shi yana cinye data ya bar ka da ɓacin rai. Wannan kuwa yana koya maka haƙuri, da sanin haske, da riƙe hannu ba rawa. Wanda ya iya fito da idon gizo-gizo tar, hoton zobe ko turare ko saƙar hula don talla ba zai gagare shi ba, kuma 'yan kasuwa suna biyan kuɗi a kan wannan.

Idan za ka gwada, ba sai da babbar kyamara ba. Duba wayarka, da yawa suna da wurin ɗaukar abu daga kusa, galibi da alamar fure. In babu, ka tambaya a Farm Centre ko Beirut Road ko za a samu ɗan gilashin da ake maƙala wa kyamarar waya. Fita da hantsi, lokacin da suke yawo a bangon da rana ta haska. Goge gilashin, jingina gwiwar hannu, matsa a hankali, taɓa fuskar waya a kan idanunsa, ka ɗauka da yawa. Cikin talatin, ɗaya ko biyu ne za su yi kyau. Wani lokaci ma zai diro kan wayar, kada ka firgita ka jefar da ita.

Sharaɗi ɗaya: kada ka kashe shi ko ka kulle shi a kwalba don hoto ya fito. Hoton da aka samu ta hanyar cutar da mai rai bai cancanci yabo ba, ko da mutum dubu sun danna masa.

'Yar'uwa, ke ma da ke nake, don bangon tsakar gida da bayan tukwanen fulawa ba sa rasa su. Gobe da safe, kafin ki hau yanar gizo, ki ba mai yanar minti goma.