Zoɓo, kanwa da inuwar sanda: darasin kimiyya a tsakar gida

Yau zancen na iyayen da yaransu ke karatu a gida ne, kuma muna da yawa. Wani fatauci ya hana shi zama wuri guda, wata uku yana Parakou, wata biyu Djougou ko Malanville. Wani kuma allo ya fara sa wa yaron, sai ya ɗauko malami yana koya masa boko da yamma. Lissafi da Faransanci ana taɓawa, amma kimiyya sai a ce a bari sai an shiga lakwal. To, ga matsalar: yaron da zai zauna jarrabawar CEP zai tarar da darasin da ake kira EST, kuma wanda bai taɓa gwada komai da hannunsa ba hadda kawai zai yi, cikin harshen da ba nasa ba.

Ni dai a gidanmu da ke Titirou, ranar Alhamis da babu allo muke yi, yarana da na maƙwabta, kuma kayan aikin duk na madafa ne.

Zoɓo ya fi komai jan hankalinsu. A jiƙa shi, a tace, a sirka da ruwa har ya yi haske, a raba kofi uku na gilashi. Na farko a bar shi yadda yake. Na biyu a matsa lemon tsami, jansa zai ƙara fitowa. Na uku a ɗiga ruwan kanwa, nan take sai ya rine ya koma wajen kore mai duhu. Kafin a ɗiga komai fa, kowane yaro ya faɗi abin da yake zaton zai faru, a rubuta. Wannan shi ne darasin, canjin launin ado ne. Daga nan a sake su su gwada ruwan tsamiya, ruwan toka, sabulun salo, ruwan rijiya, su jera masu tsami gefe guda, dangin kanwa gefe guda. Sai a matsa lemo cikin koren, jan ya dawo. Yarinyar da ta ga wannan ba sai an yi mata dogon bayanin abin da ya sa ake jefa kanwa a miyar yakuwa ba.

Kofin farkon nan da ba a taɓa ba, yara kan ce ɓarnar zoɓo ce. Ai ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amfaninsa: wanda bai san farashin jiya a Arzèkè ba, ina zai gane ko kaya sun tashi yau?

Wagashi ma darasi ne. Fulani na tsinke madara da tumfafiya, amma ƙaronta na da haɗari ga ido, don haka mu lemon tsami muke sa wa madara mai ɗumi, a tace da ƙyalle, a auna abin da lita ɗaya ta bayar.

Wanda na fi so shi ne na inuwa, don yana koya haƙuri. A kafa sanda a miƙe inda rana ke samu, a riƙa sa tsakuwa a bakin inuwar duk bayan minti 15, daga hantsi zuwa azahar. Yara za su ga inuwa ba ta kai ƙarshen gajartarta da ƙarfe 12 ba, a nan sai wajen ɗaya saura. Zawalin da malamin allo ke faɗa musu ke nan, ga shi a ƙasa. Kuma tunda Parakou da Djougou na kan digiri 9 da 'yan kai arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana na bi ta tsakar ka, tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta, inuwar ta shige gindin sanda. Na Agusta hadari kan ɓata shi, a dage da na Afrilu. Tsakanin lokutan biyu inuwar tsakar rana kudu take kwantawa, sauran shekara arewa.

Idan hunturu ya shigo, a cika kwalba biyu, a naɗe ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye su inda iska ke kaɗawa. Naɗaɗɗiyar za ta fi sanyi, don ruwan da ke bushewa da zafi yake tafiya. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya yaɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000.

Abu biyu ban yarda yaro ya taɓa ba ko ina tsaye a kansa: sodar haɗa sabulu da fetur ɗin kwalba. Sannan kowa ya samu littafinsa, ya rubuta kwanan wata, abin da ya zata, da abin da ya gani, da Hausa, ko da ajami ne. Sunan Faransancin malamin yamma ya ƙara masa a gefe. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ƙwai da ruwan gishiri za mu taɓa, a tanadi ɗanyen ƙwai biyu.