WA KE DA ALHAKIN ƁARNAR YARON MOTA?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Ƙauran Namoda da asuba, ko a bakin kasuwar Shinkafi ran Alhamis da la'asar sa'ad da a ke lodin dabbobi da hatsi, ya san yaron mota. Shi ne mai sa waigi, mai ɗaure tamfol, mai zuba ruwa a lagireto, mai kwana ƙarƙashin bodi yana gadin kaya. Waɗansu na ce masa karen mota, sunan da mu dai ba mu so, don kuwa shi ne direban gobe. Abin da ya sa muka ɗauko zancensa yau shi ne wata tambaya da ba a cika yi ba sai an riga an yi ɓarna: in direba ya miƙa wa yaron nan sitiyari a kan hanya, mota ta kuɓuce masa ta hallaka bayin Allah, wa za a kama?

Sai mu ɗan koma baya. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Ƙauran Namoda cikin 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Badarawa da kewayenta. Raƙuma da jakuna, daga baya kuma ƙananan lorori, su ke kawo kaya tasha, jirgi ya ɗauki nauyin doguwar tafiya. Da harkar jirgi ta lalace, sai nauyin nan duka ya komo kan kwalta. Yau abin da ke fita daga Shinkafi ta Moriki, da wanda ke bi ta Zurmi zuwa Jibiya, da wanda ke gangarawa Gusau ta Kasuwar Daji, a bayan gingimari da tirela ya ke tafiya. Motocin sun ƙara girma ninkin-ba-ninkin, amma hanyar koyon tuƙinsu tana nan kusan yadda kakanni suka bar ta.

Ba mu raina wannan hanya ba. Yaro ya kan shekara uku ko biyar, wani ma fiye, yana bin ubangidansa. Ya kan san kukan inji mai lafiya da na maras lafiya, ya iya kwance taya cikin duhu, ya san inda kwalta ta zaizaye da inda shanu su kan tsallaka. Babu makarantar da za ta koyar da wannan cikin wata guda. Da yawa daga cikin direbobinmu da suka tsufa ba su taɓa buge ko akuya ba, ta nan suka fito.

Amma fa akwai ramin da ke cikinta. Ba wanda ya rubuta ranar da yaro ya fara, ba wanda ya san abin da aka koya masa da abin da aka tsallake, ba kuma wanda ya auna ko shi mai koyarwar ya iya. Direban da ke da mugun hali, halin nan zai gadar. Abin da ya fi muni kuwa shi ne lokacin da a kan ba yaro sitiyari. Da a fili a ke ba shi, da rana, mota ba kaya, da ba mu ce kome ba. Sau da yawa sai direba ya gaji tilis, barci ya ci ƙarfinsa, sa'an nan ya ce wa yaro ya riƙe masa, shi kuwa ya kishingiɗa. Watau a daidai sa'ar da mota ta fi nauyi, hanya ta fi wuya, malami kuma ba ya gani, a nan a ke yin darasi. Ga kuma halin da hanyoyin nan su ke ciki na tsoron 'yan bindiga, wanda ke sa kowa ya taka totur don ya fita daji da sauran rana. Ga mutane jingim bisa kaya, wani lokaci bisa katakon da aka gicciya a kan shanu.

Ya kamata mai karatu ya san abin da a ke ɗora wa yaron nan. Motar da ke gudun kilomita 60 a sa'a tana cin wajen mita 17 kafin a ƙirga daƙiƙa ɗaya. In aka ninka gudu sau biyu, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya ta kan ninku sau huɗu. Birkin babbar mota da iska ya ke aiki, wanda bai sani ba ya yi ta dannawa yana saki har iskar ta ƙare. A gangara kuma, in aka dogara ga birki kaɗai ba a sa babbar giya mai riƙe mota ba, sai ya yi zafi ya daina kamawa. Tayoyin bayan tirela ba su bin sawun na gaba a kwana, su kan yanke ta ciki, inda mai babur ko mai talla ke tsaye. Shanu kuwa kaya ne masu motsi, in suka karkata gefe guda sai su tafi da motar. Yaro na iya shekara biyar yana wanke mota bai taɓa jin an bayyana masa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Doka ba ta yi shiru ba. Ba a ba mutum lasin sai ya cika shekara 18. Mai koyo sai ya karɓi takardar izinin koyo, ya liƙa jan harafin L gaba da baya, kuma mai lasin ya zauna kusa da shi. Lasin ɗin ma aji-aji ne, na tirela shi ne ajin G, wanda ya sami na ƙaramar mota bai sami izinin jan tirela ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ta shar'anta cewa mai neman lasin na fari sai ya zo da shaidar makarantar tuƙi da ta amince da ita, sa'an nan ma'aikatan duba motoci, watau V.I.O., su jarraba shi. A takarda kome ya yi daidai. To, amma makarantun tuƙi galibinsu a manyan birane su ke, da ƙananan motoci kuma su ke koyarwa. Yaron da ke bin tirela daga Shinkafi zuwa Ikko yaushe zai zauna aji? Saboda haka sai doka ta bi hanyarta, tasha ta bi tata, ba su gamuwa sai a wurin haɗari.

In an yi haɗarin kuwa, kowa ya san yadda a kan yi. Direba ya kan sulale don tsoron fushin jama'a. Yaro, in ya tsira da ransa, shi a kan tsare. Mai mota yana gida, abin da ya dame shi shi ne yadda za a sako masa motarsa. Lalle wannan shi ne a bar jaki a doki taiki.

Ba mu ce yaro ba shi da laifi ba. Baligi ne mai hankali, ya kuwa san bai ƙware ba. Ko a Ingila, cikin shari'ar Nettleship da Weston ta 1971, alƙalai sun yanke cewa ma'aunin da a ke auna gwani da shi, da shi a ke auna mai koyo, don wanda aka buge ba ruwansa da ko jiya aka fara tuƙi. Amma a shari'ar nan ɗin dai, sai da aka raba laifin biyu tsakanin mai koyo da mai koyarwa, domin shi ma hannunsa na cikin sarrafa motar. Haka kuma cikin 1963, a shari'ar Ilkiw da Samuels, wani direban lori ya bar wani mutum ya matsar masa da mota ba tare da ya bincika ko ya iya ba, aka raunata wani. Masu motar suka ce ai sun hana direbansu ba kowa tuƙi. Kotu ta ce duk da haka su za su biya, gama sakacin baransu ne cikin aikinsu.

Malamanmu ba su bukatar a je Ingila kafin su gane wannan. Duk wanda ya karanta Risala ya san an ɗora lamunin abin da dabba ta tattake a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Ya kuma san kisan kuskure ba ya tafiya a banza, akwai diyya, dinari 1,000 ga ma'abota zinariya, akwai kuma kaffara. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai cikin 1993, ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne, kuma haɗarin mota yana ƙarƙashin hukunce-hukuncen nan na rauni da kisa. Saboda haka faɗar da a kan yi cewa ƙaddara ce, gaskiya ce, amma ba ta kankare lamuni. A Jihar Zamfara, inda aka ƙaddamar da dokokin Shari'a cikin 2000, bai kamata a ce wannan baƙon zance ne ba.

Ra'ayinmu shi ne, kaso mafi girma yana wuyan direban da ya miƙa sitiyari ya rufe ido, sai mai motar da ya ɗauke shi aiki. Mai mota ne ke yanka wa direba kwanakin zuwa da komowa. In ya ba mutum ɗaya tafiyar da sai mutum biyu, ya ƙi biyan direba na biyu, to, ya san sarai wanda zai riƙe motar tsakar dare. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Bayansu kuma akwai wanda ba a taɓa ganinsa a wurin haɗari, shi ne duk ma'aikacin da ya sa hannu a lasin ɗin mutumin da bai jarraba ba.

Masu motoci su lura da wani abu kuma, ko don aljihunsu. Tun dokar 1945 inshorar kare mutanen waje ta zama tilas, cikin Janairu 2023 kuma aka mai da kuɗinta Naira 100,000 a shekara ga manyan motocin ɗaukar kaya. Amma sharaɗin da a kan rubuta cikin takardar shi ne mai tuƙi ya kasance yana da lasin. Ran da yaro maras lasin ya yi ɓarna, kamfanin inshora ya sami ƙofar zamewa, sai a bar mai mota da marayu suna kallon juna.

Kada a zaci mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Kanada, ran 6 ga Afrilu 2018, wani sabon direban tirela ya ƙetare alamar tsayawa a lardin Saskacewan, ya yi karo da bas ɗin 'yan wasa, mutum 16 suka mutu, 13 suka raunata. Aka ɗaure direban shekara 8, mai kamfanin kuwa tarar dala 5,000 aka ci shi saboda saɓa ƙa'idodin aiki. Ashe dukan taiki ba a nan kaɗai a ke yinsa ba. Sai dai su sun ɗauki darasi: daga Maris 2019 lardin ya wajabta horon sa'a 121 da rabi kafin a jarraba mai neman lasin tirela.

Mu ba mu ce a kwafo wannan a kawo Zurmi ba, ba mu kuma goyon bayan masu cewa a hana bin mota ɗungum. Wanda ya hana, ya toshe wa dubban samari hanyar abinci, a ƙasar da zaman banza ya riga ya jawo mana abin da ya jawo. Abin da mu ke so shi ne a shigo da koyon tasha cikin doka. Ƙungiyar direbobi ta NURTW, wadda ke nan tun 1978, da ta masu motoci, suna da ofis ko wakili a manyan tashoshi. Su buɗe littafi: sunan yaro, sunan ubangidansa, lambar mota, ranar farawa. Kada a yarda kowane direba ya koyar, sai wanda ya daɗe da lasin ɗin ajin, ba a kuma san shi da ganganci ko shaye-shaye ba. A sami fili a Ƙaura inda yaro zai koyi ribas da kwana da mota ba kaya. In lokacin yaye ya yi, a jarraba shi da irin motar da zai ja, cikin Hausa, gama rashin Turanci ba rashin iya tuƙi ba ne. Cibiyar Fasahar Sufuri ta Zariya tana nan tun 1986, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran kanta tun 1983. Ba mu ga abin da zai hana a haɗa kai da su a shirya gajeren kwas na mako biyu ko uku ba.

Za a ce kuɗi. I, akwai kuɗi, kuma masu motoci ya kamata su ɗauki mafi yawansa, tun da su ke cin ribar aikin yaran nan shekara da shekaru a kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kuɗin kwas ɗin yaro goma bai kai na kan tirela guda da ta kife ba, balle diyyar rai.

Sauran magana ga masu karatunmu. Ku akawuna da kuka gaji ofisoshin En'e tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, tashoshin mota da kasuwanni a hannun hukumominku su ke, ku ke karɓar harajinsu. Wanda ya iya rubuta rasit ga kowace mota ran kasuwa, ya iya tambayar wa ke tuƙa ta. Ku kuma malaman makaranta, yaran nan daga azuzuwanku su ke fita, waɗansu tun ba su gama firamare ba. In uba ya zo ya ce zai ba da ɗansa ga mai mota, ku tambaye shi ko ya san direban, ko an yi sharaɗi gaban shaidu a kan abin da za a koya wa yaron da wanda zai tsaya masa in wani abu ya faru. Muna kuma roƙon Sarakunan Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi su kira shugabannin tasha da masu motoci da jami'an hanya zama guda, a buɗe littafin nan kafin kakar bana, lokacin da lodi ya kan yi yawa, direbobi kuma su kan fi gajiya.