Tunawa da Ronald Keay, Masanin Itatuwan Nijeriya

A shekarar 1998 ne Ronald Keay ya rasu, Baturen gandun daji wanda ya iso Nijeriya a 1942, ya yi shekara 20 a ma'aikatar gandun dajinta. Littafinsa na 1949 ya kasa tsirran ƙasar nan shiyya-shiyya. Burkusuma da Isa da Sabon Birni suna shiyyar Sudan, ƙasar gawo da kuka da aduwa. Na 1989 kuwa har da sunayen itatuwa na Hausa, waɗanda asalinsu daga bakin manoma da makiyaya suka fito. Yau gatari da fari sun ci dajin Gobir, 'yan bindiga sun hana malamin daji shiga. Wajibi ne jami'o'in Sakkwato su bi dattawan da suka yi gudun hijira, su rubuta abin da suka sani game da kowace itaciya.