Ɗan Landan na Littattafanku Ba Ya Tsufa



Muƙalar wannan mako daga gare mu take, mu Hausawan da zama ya kama a Ingila har shekara arba'in ta same mu a nan, wasunmu ma sun doshi hamsin. Ƙorafi muka kawo, kuma a kan alƙalumanku ne. Muna karanta abin da kuke sakawa a WhatsApp da Wattpad da Facebook, sau tari a cikin bas da asuba ko a hutun aikin dare, domin shi ke jiyar da mu ƙamshin gida. A labarai da yawa akwai wani mutum da kuke kira ɗan Landan. Mun neme shi a masallatan Juma'a, mun neme shi a wuraren suna da zaman makoki, daga Landan har Mancesta, ba mu taɓa cin karo da shi ba.

Kun san shi sarai. Shekarunsa ba sa wuce talatin da biyu. Likita ne ko mai kamfani, amma ba a taɓa ganinsa a bakin aiki. Yana sauka filin jirgin Malam Aminu Kano motoci a jere suna jiransa. Da gemunsa ya bar gida, amma Hausa sai da yauƙi take fita daga bakinsa. Yana ɗaukar amarya ya kai ta Landan, inda ba ta da aiki sai yawon kantuna. Ba ya biyan haya, ba ya sabunta biza, bayansa ba ya ciwo. Da zarar amarya ta haifi tagwaye sai a rufe littafi da addu'a. Abin da ya same shi bayan shekara goma sha biyar, babu mai tambaya. To mu ne shi bayan shekara goma sha biyar, kuma labarinmu ya fi nasa daɗin ji.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, mene ne na tayar da jijiyar wuya? Dalilinmu shi ne wannan ƙarya tana da farashi, kuma ba marubuci ke biya ba. Saurayin da ya karanta irin labaran nan guda ashirin shi ne ke matsa wa mahaifinsa a sayar da gona a miƙa wa dillalin biza, ya iso ya tarar babu aikin da aka yi masa alkawari. Budurwar da ta haddace ɗan Landan ita ce ke ƙin mai sana'a na unguwarsu, ta zo ta samu kanta ita kaɗai a ɗaki ɗaya da jariri, babu uwa babu maƙwabciya. Dangin da suka gaskata ku su ne ke fushi da mu idan muka ce wannan watan babu hali. Zumunci da yawa ya yi rauni a kan wani mutum da bai taɓa wanzuwa ba.

Bari mu ba ku labarin halin da muke ciki, kamar yadda ake ba ɗan'uwa idan an daɗe ba a haɗu ba.

Farko dai takarda. Wanda bai samu izinin zama na dindindin ba, kuma ba a fannin lafiya yake aiki ba, yana biyan harajin kula da lafiya tare da kuɗin biza: tun watan Fabrairun 2024, fam 1,035 ne a shekara kan kowane babba, fam 776 kan kowane yaro. Mata da miji da 'ya'ya uku, fam 4,398 ke nan a shekara, kuma dunƙule ake biya na duk shekarun bizar. Tun ranar 11 ga Maris 2024, wanda ya shigo don aikin kula da tsofaffi ba shi da damar taho da iyalinsa. Yaron da aka haifa a nan ba ya zama ɗan ƙasa don haihuwar kawai, sai in ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne ko mai zaman dindindin. Da fam ya haura naira 2,000 a 2024, mutanen gida suka riƙa ninka albashinmu da dubu biyu suna salati. Ba wanda ya ninka kuɗin haya da na wuta da na gas da harajin ƙaramar hukuma. Ga rikici a shirye, wanda marubuci ba ya buƙatar aljani ko boka kafin ya ƙulla shi: magidanci mai digiri biyu yana wanke tsohon Bature da dare, da safe kuma ƙanensa ya turo masa hoton filin da ake so ya saya.

Sai cikin gida. A nan babu 'yar aiki, babu almajirin da za a aika, babu gwaggon da za a bar wa yara. Mutumin da a gidan ubansa bai taɓa sanin inda muciya take ba, yau shi ke tuƙa tuwo, domin uwargida tana aikin dare a asibiti. Wasu gidajen wannan ya ƙara musu shaƙuwa irin wadda iyayenmu ba su sani ba. Wasu kuma ya rushe su, musamman inda albashin mace ya fi na miji, ko inda bizar miji ke rataye a kan tata. Dokar ƙasar nan ba ta yarda a ƙara aure a kan aure ba, biza kuma mace ɗaya take ɗauka. Don haka kishiyar da kuke jigila da ita zuwa Landan a babi na talatin, a gaske tana Kano ko Kaduna, kishi kuma ta waya ake yinsa. Wannan ma littafi ne sukutum.

Sai 'ya'ya, kuma nan ne ciwon ya fi zafi. Muna yi musu Hausa suna mayar mana da Turanci. Ƙofa ta koma kofa, ɗaki ya koma daki, “ya” da “ta” sun cakuɗe a bakinsu. Idan aka kira kakarsu ta bidiyo, “ina wuni” da “lafiya lau” ne iyakar zancen, sai a yi ta murmushi har a kashe waya. Suna da tambayoyin da mu ba mu taɓa yi wa iyayenmu ba, kuma “haka muka taras” ba ta gamsar da su. Sallah ba ranar hutu ba ce a nan. Sai ka nemi izini a wurin aiki, ka sanar da makarantar yara, ku je idi, wani lokaci ka koma bakin aiki da babbar rigarka a jaka. Babbar 'yarmu ta isa aure, kuma wanda ta kawo Musulmi ne mai mutunci, sai dai ɗan Somaliya ne ko ɗan Pakistan. Me za a faɗa wa baffanninta a gida? Ku da kuka ƙware a labarin auren dole da auren zumunci, ga wani sabon fage ba ku leƙa ba.

Sai iyaye. Shekara arba'in zuwa hamsin su ne shekarun da iyaye ke tafiya. Kowannenmu yana tsoron wayar da ke shigowa da asuba, wadda za a ce, “Yaya, sai haƙuri, Baba ya cika.” Daga Landan zuwa Abuja tafiyar sa'a shida ce da 'yan mintuna a jirgi, bayan neman tikiti da jiran tashi, sannan a kama hanyar gida. Kafin ka kai filin jirgi an yi wanka, an yi sallah, an kai shi makwancinsa, kamar yadda addini ya tanada. Da yawanmu ta fuskar waya muka ga makarar iyayenmu. Wanda takardarsa ke hannun hukuma ana sabuntawa, ko sadakar bakwai ba zai samu ba. Washegari kuma bas ba ya jiran mai makoki.

Sai jiki. A watan Disamba magariba tana yi kafin ƙarfe huɗu na yamma. Duhu ka fita, duhu ka dawo, sanyi ya shiga gwiwa ya ƙi fita. A 2016 da azumi ya faɗo a watan Yuni, mun yi sa'a goma sha takwas da ɗoriya ba ci ba sha. Da ka cika arba'in, hukumar lafiya ta NHS za ta gayyace ka gwajin hawan jini da kitsen jini da haɗarin ciwon sukari. Likitocin nan suna gargaɗin cewa baƙar fata ɗaya cikin huɗu zai gamu da sankarar mafitsara ta maza a rayuwarsa. Fanshon gwamnati ba ya samuwa sai da gudunmawar shekara goma aƙalla, cikakkensa kuma sai da shekara talatin da biyar. Wanda ya iso yana da shekara talatin da takwas ya yi lissafi da kansa.

Daga nan sai tambayar da muke yi wa juna da murya ƙasa-ƙasa bayan an watse daga taro: ina za a binne mu? Kowa ya zo da niyyar shekara biyar. An gina gida a Kano ko Zariya ko Katsina, ƙanne na ciki ko ƙura na ciki. Yara sun ce hutu za su iya, zama ba za su iya ba. Akwai maƙabartun Musulmi a nan, kamar Gardens of Peace da ke gabashin Landan, amma kabari da kuɗi ake sayensa, kuma idan mutuwa ta zo ba zato, gawa na iya kwanaki tana jiran jami'in binciken musabbabin mutuwa. Shi ya sa muke adashin jana'iza. Wane marubuci ne zai ji wannan ya ce babu labari a ciki?

Kada ku ɗauka kuka muka zo yi. Muna cikin rufin asiri, alhamdu lillahi. Yaranmu suna karatu ba yajin aiki na wata da watanni, ana duba lafiyarmu, muna kwana ba fargabar 'yan bindiga, kuma ta hannunmu Allah ya biya kuɗin makarantar ƙanne da na asibitin iyaye. Daɗin da wahalar a kwano ɗaya suke, kuma wanda ya ɗebi ɗaya ya bar ɗaya bai ba da labari ba.

Abin takaici, magabatanku sun fi ku gaskiya a kan ƙasar nan. Dorugu, yaro daga ƙasar Damagaram, ya iso Ingila a 1855 tare da matafiyi Heinrich Barth, ya ba da labarin abin da idonsa ya gani, aka buga shi cikin Magana Hausa na J. F. Schön a 1885. Abubakar Imam ya zo a 1943 cikin tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙi, ya koma ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama. Dukansu sun duba da idonsu kafin su faɗa. Amma labarinsu na baƙo ne, wanda ya zo ya gani ya koma. Labarin wanda ya zauna har furfura ta fito masa shi ne giɓin da ke jiran ku, ku kuma kun cike shi da motoci da turare.

Mun san amsoshinku. Za ku ce masu karatu nishaɗi suke so, wahala ta ishe su a gida. Gaskiya ne, amma waɗannan masu karatun su ne ke kwana suna kuka a kan marainiyar da matar uba ke azabtarwa, kuma su biya kuɗi don a ci gaba. Mai karatu ba ya gudun wahala a labari, abin da ke gundurarsa shi ne maimaici. Za ku ce ba ku taɓa zuwa ba, yaya za ku rubuta? To ai ɗan Landan ɗin ma ba ku taɓa ganinsa ba kuka rubuta shi. In za a iya ƙaga ƙarya daga nesa, za a iya tambayo gaskiya daga nesa. Za ku ce mu rubuta da kanmu mana. Wasunmu suna ƙoƙari, tsakanin aiki da renon yara. Sai dai rabin labarin a wurinku yake: uwar da ke jiran waya, matar da aka bari shekara huɗu, ƙanen da ke riƙe da kuɗin gini. Ku kuke ganin fuskokinsu kullum.

Saboda haka ga abin da muke roƙo. Kafin ka tura jaruminka waje, nemi mutum ɗaya da ke zaune a can, akwai mu a zauren nan. Kada ka tambaye shi ko ƙasar na da kyau. Tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, nawa ke saura bayan haya, me ya ci jiya da dare. Tambaye shi abin da yake cusawa a akwati idan zai baro gida. Zai ce maka kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, kuma zai gaya maka doka ta hana shigo da kilishi da dambun nama. Tambayi matarsa wa ya yi mata wankan jego. Tambayi ɗansa wace ƙasa yake kira gida. Sannan ka ƙara wa jaruminka shekara goma sha biyar, ka ba shi 'ya budurwa da uwa mai jinya da biza mai ƙarewa a watan gobe, ka ga ko alƙalaminka zai tsaya.

Wanda ya fara irin wannan rubutu ya saka babin farko a nan. Za mu karanta, za mu gyara masa sunan titi da farashin kaya da lokacin sallah, kuma in ya kammala za mu saya. Wanda kuma yake ganin mun zalunci ɗan Landan, fili nasa ne, ya zo ya kare shi.

Allah ya yi wa alƙalumanku albarka, ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu gama lafiya a duk inda ƙasarmu take.