Zauren Masu Mota: Akwati Ya Cika But, Bas Kuwa Babu

 

Ran wata Asabar da la'asar ina zaune wajen masu tsire a nan Birikitiri, sai ga ɗan ƙanwata ya faka tasinsa, Toyota Carina mai ruwan ɗorawa irin na gari, ya fito fuska a murtuke. Ya ce, "Kawu, an cuce ni." Kuɗin da ya yi wata huɗu yana tarawa ne ya kwasa ya sayi ampili da ƙatuwar lasifikar bas a wani shago ta wajen Mokolo, aka ɗaura masa, akwatin ya cinye rabin but, har fasinja mai buhu ba ya samun wurin kaya. Ya kunna mini. Abin da ke fitowa daga baya bai fi gunjin sauro a cikin tulu ba. Shi ya riga ya yanke hukunci: jabu aka sayar masa, gobe zai je ya yi rigima. Na ce masa ya zauna ya ci nama tukuna, domin a cikin motocin da na taɓa buɗewa da irin wannan kuka, ba kasafai laifin yake ga kayan ba. Yawanci ɗauri ne.

Da farko sai mu san abin da muke nema. Bas iska ce ake turawa da yawa a hankali, kamar fatar babbar ganga. Sautin da ke kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, wato 50 Hz, tsawon zangonsa ya kusa mita 7, ya fi motar kanta tsawo. Shi ya sa ƙaramin kuskure yake kashe shi gaba ɗaya, alhali muryar mawaƙi na nan tana fita raɗau.

Na fara da abin da ba ya cin ko sisi. A jikin ampili akwai ɗan makunni mai rubutu LPF a gefe guda, HPF a ɗayan. Na farkon yana barin sauti mai kauri ya wuce zuwa lasifika, na biyun kuwa tare shi yake yi. Yaro mai ɗauri in yana sauri sai ya bar shi a kan HPF, ka ga an sayi lasifikar bas an kuma hana ta bas. A sa shi a LPF, a juya ma'auninsa wajen 80 Hz. A leƙa cikin rediyon ma, domin da yawa suna zuwa da layin lasifikar bas a kashe ko a kan sifili, sai an shiga an buɗe. Na yaron nan duk daidai suke.

Sai maganar + da −, kuma a nan na fi so mai karatu ya tsaya. Lasifika tana turo fatarta waje ne ta ja ta ciki. In an juya wayoyinta, lokacin da lasifikun ƙofa ke turawa ita tana ja, sai su cinye juna a daidai inda sautinsu ya haɗu. In lasifikun bas biyu ne a akwati ɗaya aka juya guda, to, abin ya fi muni: za ka ga fatu suna rawa kamar za su tsage, kunne kuwa ba ya jin komai. Gwajin mai sauƙi ne. Cire wayoyin daga ampili, ka sami batirin tocila mai bolt 1.5, ka taɓa wayar + a kan batirin, ta − a gindinsa. Fata ta yi waje, daidai ne. Ta shige ciki, an juya. Wasu ampili suna da makunni mai 0 da 180. Zauna a kujerar direba, wani ya riƙa juya maka, ka bar shi inda ƙirjinka ya fi jin dukan.

Lasifikar yaron nan irin mai naɗin waya biyu ce, kowane naɗi om 4, wato tana da bakin waya huɗu. Irin wannan tana rikita masu ɗauri ƙwarai. In aka jera naɗin biyu ɗaya na bin ɗaya, sun zama om 8. In aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, + da +, − da −, sun zama om 2. Ampilin da aka rubuta zai ba da wat 500 a om 2, a om 4 wajen rabi zai bayar, a om 8 kuwa wajen rubu'i. Da na ɗora mita sai ga shi ta nuna kusan 8. Ashe kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin da ya biya yake ji. Amma kada wani ya karanta wannan ya ruga ya mai da tasa om 2 bai duba takardar ampilinsa ba. Ampili mai layi biyu da aka gama layukansa wuri guda, galibi ba ya jure ƙasa da om 4. Zai yi zafi ya ɗauke, ko ya ƙone. Nasa mai layi ɗaya ne, an kuma rubuta om 2 a jikinsa, saboda haka muka sake haɗin.

Tun da an zo kan wat, bari in faɗi abin da ke raina. Wannan 3000W da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a kwali, ado ne. Lambar da ke da amfani ita ce mai RMS a gefenta. In babu ita, dubi fis ɗin da ke jikin ampili. Fis biyu masu amfiya 20 sun zama 40. A ninka da bolt 14, an sami wat 560 da ke shiga. A irin tsohon ƙirar ampili kusan rabin wannan zafi yake zama. Ka ga abin da zai kai ga lasifika bai wuce wajen 300 ba, ko me kwali ya ce. Wat 300 na gaskiya kuwa ya isa ya girgiza madubin Carina.

Bas ya ɗan taso, amma da an ƙara murya sai ya shaƙe, fitilar cikin mota tana lumshewa tare da kiɗa. Wannan yunwar wuta ce. Na bi wayar mas, wadda mutanen Kano ke kira at, na same ta an maƙale ta a wani ƙaramin kusa a kan fenti. Galibin motocinmu okaziyo ne da suka sauka a Duwala daga Turai, sun sha gishirin da ake zuba wa titi lokacin ƙanƙara, ga kuma damina biyu da muke yi a Yawunde kowace shekara. Tsatsa ba ta da wuyar samu. Wayar mas ta zama gajeriya, kada ta kai rabin mita, kaurinta ɗaya da jar wayar da ta taso daga batir, a kankare fenti sai ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a shafa man giris a kai. Sannan a auna a bakin ampili: mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna wajen 12.6, inji na aiki, tsakanin 13.8 da 14.4. In kiɗa ya buga ka ga ta faɗo ƙasa da 12, akwai matsala a waya, ko a batir, ko a injin caji. Mai tasi ya tuna cewa a cunkoson Warda da dare, fitila a kunne, waifa na aiki, inji na numfashi a hankali, cajin da ake samu kaɗan ne.

Akwai kuma wayar da ta cika kasuwa yanzu, roba mai kauri, cikinta alminiyam ne aka yi wa wankan jan ƙarfe. Wajen kashi 60 cikin 100 na wutar da jan ƙarfe zalla mai kaurinta zai ɗauka take ɗauka. Kankare bakinta da wuƙa. In ka ga fari a ciki, ita ce. A hannu ma ba ta da nauyi.

Abin da ya tayar mini da hankali ba bas ba ne. Jar wayar ta taso daga batir ta ratsa ƙarfen da ke tsakanin inji da direba ta wani rami mai kaifi, ba roba a bakin ramin, ba kuma fis a kusa da batir. Fis ɗin jikin ampili kansa kawai yake karewa. Ranar da ƙarfe ya ci robar wayar nan a kan gargadar hawan Tsinga, wayar za ta yi ja kamar garwashi a ƙarƙashin kafet, da fasinja a ciki. Motar kuma ba tasa ba ce, ta maigidansa ce, kullum da yamma yake kai balas. Ban bar shi ya tashi ba sai da aka sa fis tazarar taƙi ɗaya daga batir.

Maɓallin da aka rubuta GAIN ba na ƙara murya ba ne, ko da yake kowa haka ya ɗauke shi. Aikinsa daidaita ampili da ƙarfin abin da rediyo ke aiko masa, wani bolt 2, wani 4. Mai da shi ƙasa, kai rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, kana ka riƙa ɗaga shi sannu har sauti ya fara ƙazanta, sai ka koma baya kaɗan. Wanda ya murɗe shi ƙarshe don neman bas, ƙaurin naɗin waya zai ji kafin wata ya ƙare.

Akwatin nasa ba laifi, katako mai kauri, ba ya yoyon iska. Mai shakka ya danna fatar a hankali da tafin hannu: a rufaffen akwati za ta yi tauri ta dawo sannu. Mun dai juya fuskarsa ta kalli bayan mota, abin da ya fi dacewa da yawancin motoci masu but.

Da muka gama ya sa waƙar marigayi Mamman Shata daga wayarsa, ya dube ni ya ce, "Kawu, har yanzu da saura." Na yi dariya. Kalangu ba ya sauka can ƙasa inda wannan lasifika take aiki, tsofaffin faifan nan kuma da ma ba a ɗauke su da irin wannan kauri ba, balle wanda ya bi ta kaset ya bi ta WhatsApp. Na ce ya sa bikutsi, inda jitar bas ke sauka har wajen 41 Hz. Ya sa. Lambar motar ta baya ta kama kaɗawa, mai tsire ya ɗago kai, wani dattijo da ke alwala a bakin shago ya harare mu, na miƙa hannu na rage.

Rigimar Mokolo dai ba a yi ta ba. Ya ce zai koma ne kawai a canza masa jar wayar da ta jan ƙarfe, a kuma sa roba a bakin ramin nan. Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba kukan nan mai kama da busa da ke bin tashin inji a cikin lasifika, wanda masu karatu biyu daga Duwala suka aiko da tambaya a kansa.