Tsuntsayen Tabkin Kalmalo: Ina Ruwanmu Da Su?

Yau zancenmu a kan tsuntsaye ne, kada ku ce malama ta rasa abin faɗi.

Duk wadda ta san tabkin Kalmalo, kusa da Illela a bakin iyakarmu da Nijar, ta san in ya cika ba a rasa zalɓe da balbela da kirinjijiya a bakinsa. Da hunturu kuma irin waɗannan tabkuna kan yi baƙi tun daga Turai, waɗanda kan ƙetaro Sahara su zauna da mu, su koma kafin damina.

To, tsuntsu ba ya zama inda babu ruwa. Ruwan Kalmalo kuwa daga kogin Majiya yake gangarowa, ta ƙasar Adar. Bayan farin 1973, Nijar ta gina madatsun ruwa a Mozage da Zango don noman rani a Birnin Ƙonni, sai abin da ke isowa ya ragu. Ga farin 1984, ga yashi da ke cike tabki in an sare itatuwa. A 1990 ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su, har da Majiya. Amma takarda ba ta cika tabki, sai an bi ta da aiki.

Ina ruwanmu? Uwargida, ruwan da zalɓe ke nema shi ne ke kawo kifin miyarki da albasar lambun maigida. Ranar da ya ƙaura, ki san tukunyarki ce za ta ji a jika.

Dubi Dagona ta Jihar Yobe. An keɓe wurin don tsuntsaye, har Yarima Filib na Ingila ya je kallonsu a 1989. Abin da muke jifa, shi wasu ke biyan kuɗin jirgi su gani.

Saboda haka ki hana yaro harbin shamuwa da danƙo, ki rage cin itace a murhu, ki dasa ko darbejiya ɗaya. Ku kuma 'yan makaranta, ku sami littafi ku riƙa rubuta tsuntsun da kuka gani, da ranar, da yawansu. Shekara uku ta isa ku gane ko tabki na farfaɗowa ko mutuwa yake yi, ku sami hujjar kai wa magabata.

In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.